Tawadar da ke can cikin fata: wadda za a ƙyale da wadda za a kai wa likitan ido

Duk matar da ta taɓa yi wa jariri wankan farko, ko ta tsuguna kusa da mai yi tana miƙa ruwa, ta san wannan tabon. Ana kifa yaro a kan ƙafafu don a cuɗa masa baya, sai a ga wani wuri a tsatsonsa ko a ɗuwawunsa ya yi duhu: bai kai baƙi ba, bai kai shuɗi ba, wani irin ruwan toka ne mai ɗan kore-kore. Na wani bai wuce kan yatsa ba, na wani ya fi tafin hannun uwarsa faɗi. Bai yi tudu ba, ba gashi a kansa, in an shafa kuma ba a jin ya bambanta da sauran jiki. A gidajenmu na Garwa da Marwa da Ngaundere kowace tsohuwa da nata bayanin. Wata ta ce ungozoma ce ta matse shi, wata ta ce uwar ta taɓa faɗuwa da cikin, wata ta ce mataccen jini ne ya kwanta, gara a faɗa wa wanzami ranar suna. Can sai wata ta ce, "Ke dai tawadar Allah ce, ku bar yaro ya sha nono." Ta ƙarshen nan ita ce ta fi kowa kusa da abin da likitoci suka gano.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan tabon, wanda ba a cika gani ba. Shi a fuska yake, yawanci ɓari ɗaya: kewayen ido, gefen goshi, saman kunci, wani lokaci har cikin farin ido. Mai shi, wadda galibi mace ce, takan koyi jan mayafi ta wannan gefen tun kafin ta isa aure, saboda ta gaji da tambayar "wa ya buge ki?"

A wurin likitocin fata waɗannan biyun gida ɗaya suka fito, tare da wasu 'yan'uwansu. Ƙwayoyin da ke yin launi ne suka zauna a inda ba wurinsu ba, can cikin fata. Sai dai abin da ya kamata a yi wa kowanne ya sha bamban, mu kuwa mun juya lamarin. Na bayan jariri, wanda zai tafi don kansa, shi ake tayar da hankali a kai har a sa masa aska. Na fuska, wanda ke iya taɓa gani, shi ake kaiwa shagon man shafawa, ba mai cewa a je a duba idon.

Kafin a gane dalili sai an san yadda fata take. Hawa biyu ce. Ta sama siririya ce ƙwarai, a yawancin jiki ba ta wuce kaurin takarda ba, kuma kullum cikin sabuntawa take: ƙwayoyinta suna tasowa daga ƙasa, su mutu, su kakkaɓe, cikin kamar wata guda an yi sabon zubi. Ta ƙarƙashinta, wadda za mu kira fatar ciki, ita ce mai kauri, milimita 1 zuwa 4 gwargwadon wurin, kuma a cikinta jijiyoyin jini da saiwar gashi da maɓuɓɓugar gumi suke. In ta dabba ce, ita ce majeman Marwa ke jemewa bayan sun kankare ta saman. Ƙwayoyin launi, waɗanda ake kira melanosait, gidansu gindin fatar sama ne, daidai kan iyakar hawa biyun. A nan suke sarrafa melanin, sinadarin da ke ba mu launinmu, suna raba wa maƙwabta, kowace ɗaya tana ciyar da ƙwayoyi kusan 36. Yawansu a jikin Bahaushe da na Bature kusan ɗaya ne; yawan melanin da suke yi da irinsa ne ya raba mu.

To amma ba a fata aka halicce su ba. Baƙi ne. A makonnin farko na ciki suna tasowa daga gefen abin da zai zama laka da ƙwaƙwalwa, a tsakiyar bayan ɗan tayi, sannan su kama hanya su bazu ko'ina cikin jiki. Wajen mako na 10 ana samunsu a fatar ciki, tsakanin na 11 da na 14 suna haurawa fatar sama, bayan mako na 20 kuwa galibi fatar ciki ta rabu da su. Wasu ne ba sa ƙarasa tafiyar. Sukan maƙale a ƙasa, suna nan da ransu, suna ci gaba da yin melanin, amma ba su da maƙwabtan da za su miƙa wa, kuma sabuntawar da fatar sama ke yi duk wata ba ta kaiwa gare su. Duk abin da zai biyo baya a wannan bayani daga zurfin nan ya taso: launin, rashin jin magani, har da wahalar cirewa.

Melanin baƙi ne ko ruwan ƙasa, me ya sa to tabon yake bayyana shuɗi? Hasken rana gaurayen launuka ne. In ya faɗa kan fata, jan da ke cikinsa yakan nutsa can ƙasa, melanin ɗin da ke kwance a can ya shanye shi, shuɗin kuma zaren naman fatar ya warwatsa shi ya dawo wa idon mai kallo. Bayanin da ake koyarwa ke nan, da sunan John Tyndall, masanin kimiyya ɗan Ailan na ƙarni na 19 wanda ya yi nazarin warwatsuwar haske. Wanda ya taɓa duban jarfar fuskar matan Mbororo a kasuwar Ngong ko ta Adumri ya riga ya ga haka da idonsa: baƙin da aka cusa cikin tsagar baƙi ne ƙirin, amma da ya warke a ƙarƙashin fata sai ya koma shuɗi-shuɗi. Gwargwadon zurfi, gwargwadon shuɗin. Launin da ke sama-sama yakan zama ruwan ƙasa.

Na bayan jariri dai abu ne gama-gari, har ma a ce rashinsa ne baƙon abu a wurinmu. A gabashin Asiya sama da kashi 80 cikin 100 na jarirai da shi ake haihuwarsu. Wani bincike da aka yi a Ile-Ife ta Najeriya, aka buga a 2001, ya same shi a jikin kusan uku cikin kowane jarirai huɗu. A wurin Turawa kuwa bai wuce ɗaya cikin goma ba. Abin da ya sa muke ganin kamar bai kai haka yawa ba shi ne jaririnmu ja ake haihuwarsa, sai a makonnin farko ya riƙa yin duhu, launinsa na gaskiya ya rufe tabon. Mace da namiji duk ɗaya ne a wannan.

Wani likita Bajamushe, Erwin Bälz, wanda ya koyar da aikin likita a Tokiyo, shi ya ba shi suna a shekarun 1880, ya danganta shi da Mongoliyawa don ya ɗauka alamar jinsinsu ce. Ya yi kuskure, amma sunan ya bi tabon, kuma a ƙasashenmu masu aiki da Faransanci yana jawo wata fitina ta daban. Ma'aikaciyar asibiti ta rubuta "tache mongoloïde" a karnen yaro, wato littafinsa na asibiti, wani ɗan boko a gidan ya karanta, ya tuna cewa da kalma mai kama da wannan ake kiran yaran da aka haifa da larurar Down, mai jinkirta girma da fahimta, shi ke nan gida ya rikice. Ba abin da ya haɗa su. Tabon ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya hana girma, ba ya hana tafiya ko magana. Saboda irin wannan ne ma likitoci da yawa suka daina amfani da tsohon sunan.

Yakan ɗan ƙara fitowa a watannin farko, sannan ya fara dushewa. Yawanci kafin yaro ya isa shiga makarantar allo ya ɓace ko ya kusa. Waɗanda kan daɗe su ne manya, masu duhu sosai, ko waɗanda suka fito a wani wuri ba tsatso ba, kamar kafaɗa ko cinya ko idon sawu. Irin waɗannan wani yakan girma da abinsa. Ko ya tafi ko ya zauna, bai buƙatar magani.

Matsalarsa ta gaske kamarsa da kwanciyar jini. Gidan da ake zaman doya da manja tsakanin kishiyoyi, ko aka bar yaro hannun 'yar raino, sai uwa ta lura da duhu a bayan ɗanta wata rana da haske ya faɗa daidai, ta rantse jiya babu. A Turai da Amurka an sha tuhumar iyaye baƙaƙen fata da dukan 'ya'yansu a kan wannan, abin da ya kamata 'yan'uwanmu masu zama can su sani. Rarrabewar ba wuya. Kwanciyar jini tana da zafi in an taɓa, sau da yawa da kumburi, launinta yana sauyawa daga rana zuwa rana, cikin mako biyu ko uku ta wuce. Tawadar ba ta zafi, kuma yadda take yau haka za ta kasance wata mai zuwa. Shawarata ga duk mai jego: a ɗauki hoton bayan yaro da waya tun kafin suna, a kuma roƙi ma'aikaciyar asibiti ta rubuta wurin da girmansa a karne. Wannan yana kare marar laifi. Yana kuma hana mai laifi fakewa, don ana samun wanda zai daki yaro ya ce ai da shi aka haife shi. In kuwa duhu sabo ne ya fito wa jariri a wurare daban-daban, ko ga jini ta cibiya ko ta wurin allura, wannan maganar asibiti ce a ranar, ba gobe ba.

Akwai 'yan lokuta ƙalilan da tabon ke nuni da wani abu. In ya mamaye jiki, baya da ciki da gaɓoɓi, yana ƙaruwa maimakon raguwa, ga yaron ba ya cin gaba kamar tsararsa, ko ciki ya kumbura, ko gaɓoɓi sun sandare, likita zai yi tunanin wasu cututtukan gado da ba a cika samu ba, kamar cutar Hurler, inda jiki ke kasa narkar da wasu sinadarai. Haka in yana tare da jan tabo mai faɗi na jijiyoyin jini. Haka kuma in a tsakiyar tsatso akwai rami, ko tudu, ko tarin gashi, sai a duba laka. Ban da waɗannan, maganar tsohuwar nan ta wadatar.

Yanzu na fuska, wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa. Likitan fata ɗan Japan, Masao Ota, shi ya bayyana shi dalla-dalla a 1939, da sunansa kuma ake kiransa: tabon Ota. Ba ya fitowa barkatai. Yana bin yankin rassa biyu na farko na babbar jijiyar ji ta fuska, mai rassa uku, wato reshen da ke kula da goshi da ido da wanda ke kula da kunci da gefen hanci. Shi ya sa kusan kullum yake tsayawa a rabin fuska. Ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka ne ke samunsa a ɓari biyu. Launinsa ba shafe ɗaya ba ne kamar na jariri, dabbare-dabbare ne, ruwan ƙasa da toka da shuɗi a cakuɗe, don ƙwayoyin a nan sun fi kusa da sama kuma zurfinsu ba ɗaya ba. Cikin masu zuwa asibiti da shi, kusan huɗu cikin biyar mata ne. Kimanin rabi da shi ake haihuwarsu ko ya fito a shekarar farko, sauran kuma sai wajen balaga. Wannan na biyun shi ke jawo zargi iri-iri, don yarinya ta tashi fuskarta sumul, tana shekara goma sha uku duhu ya fara bin gefen idonta, sai a shiga neman wanda ya yi mata. Ba wanda ya yi mata. Ƙwayoyin suna nan tun tana ciki, sinadaran balaga ne suka tashe su. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma galibi ba a gadonsa. Amma shi ba ya tafiya. Yakan ma ƙara duhu da faɗi a hankali kafin ya tsaya.

Kusan biyu cikin uku na masu tabon Ota launin ya shiga idonsu na wannan gefen. A nan sai an yi hattara, don mu baƙaƙen fata da yawanmu muna da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a farin ido, musamman kewayen baƙin, a idanu biyu, kuma wannan ba komai ba ne. Yaranmu ma da yawa farin idonsu ya rine saboda ƙaiƙayin ido na ƙura da zafi da ya yi yawa a yankin Sahel. Na Ota daban yake: ruwan toka ne ko shuɗi-shuɗi, a ido ɗaya, a cikin jikin farin idon yake ba a ɗan mayafin da ke samansa ba, kuma sau da yawa baƙin idon wannan gefen ya fi na ɗayan duhu. Wani lokaci har a ganɗa ko cikin hanci ana ganin launin.

Ido yana da ruwa a cikinsa wanda kullum ake yi kullum yake fita ta wata 'yar matata da ke kusurwar baƙin ido. In ƙwayoyin launi suka taru a wurin, fitar ruwan takan ragu, matsi ya hau, jijiyar gani ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne gilakoma, wanda mutane ke kira hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ya hau ba. Kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda launin ya shiga idonsu yana samunsu. Mugun halin gilakoma shi ne yawanci ba zafi, ba ja, ba hawaye. Daga gefe yake fara cin gani, ɗayan idon kuma yana rufa masa asiri, sai mutum ya wayi gari yana karo da bakin ƙofa ta ɓari ɗaya. Abin da ya tafi ba ya dawowa, ba kamar yanar ido ba da ake cirewa a gani. Ga shi kuma mu 'yan Afirka dama gilakoma ya fi kama mu, ya fi kama mu da wuri. Awon matsin ido kuwa aikin 'yan mintoci ne, lafiyayye yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'auninsu, kuma in an gano da wuri maganin ɗigawa yana riƙe shi shekaru. Don haka mai tabon Ota, yaro ko babba, ya kamata likitan ido ya duba shi sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau. Ba sai an je Yawunde ba. Sashen ido na manyan asibitocin Garwa da Marwa da Ngaundere, ko na Injamena ga mutanen Kusiri da Cadi, nan ne wurin fara tambaya.

Ɗayan abin da likitan ido ke nema shi ne sankarar ƙwayoyin launi a cikin ido, wadda ake kira melanoma. An ƙiyasta ɗaya cikin 400 na Turawa masu wannan launi a ido za ta same shi a tsawon rayuwarsa. A baƙar fata ta fi haka wuyar samuwa nesa ba kusa ba, don haka ba abin firgita ba ne, amma dalili ne na biyu na zuwa awo. A fatar ma, in wani ƙullutu ya taso a cikin tabon, ko ya fashe, ko ya fara zafi, ko gani ya sauya, a hanzarta.

Sauran 'yan gidan ba sa buƙatar dogon bayani. Tabon Ito, wanda wani likitan Japan ya bayyana a 1954, shi ne irin na Ota amma a kafaɗa da gefen wuya da saman hannu. Tunda ba ido a wurin, sai dai a sa masa ido kawai. Tabon Hori, na 1984, ɗigo-ɗigo ne a saman kumatu biyu da ke fito wa mata manya, akasari 'yan gabashin Asiya, kuma ba ya shiga ido. Sai shuɗiyar tawada, wadda Max Tièche ya bayyana a 1906: ɗan ƙullutu mai tauri, shuɗi-baƙi, yawanci bai kai santimita ɗaya ba, a bayan hannu ko bayan ƙafa ko fatar kai ko ɗuwawu. In ta daɗe yadda take, a bar ta. In tana girma ko ta sauya kama, likita ya yanke ta gaba ɗaya a kai awo. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa yawancin irin wannan tawada, da wasu masu tabon Ota, da kusan rabin melanomar cikin ido, suna da sauyi a ƙwayar gado guda mai suna GNAQ. Sauyin a ƙwayoyin tabon kaɗai yake, ba a duk jiki ba, shi ya sa uwa ba ta ba ɗanta.

A shiga layin masu kayan shafa a babbar kasuwar Garwa a tsaya minti goma. Yarinya za ta zo da yayarta, ta ɗan ɗaga mayafi. Mai shago ya leƙa, ya ce, "Hajiya, wannan ai ƙaramin abu ne," ya sauko da tub ɗaya, da ɗan kwalba, da sabulu, ya ce a haɗa a kwaba, safe da dare, sati biyu. Shi ma ba lallai yana nufin cuta ba. Ya ga man ya yi aiki a kan wasu tabban. Amma duba abin da ke ciki. Na farko, sinadarin haidurokwinon, aikinsa hana ƙwayoyin launi na fatar sama yin sabon melanin, sai tsohon ya kakkaɓe tare da matacciyar fata. Wanda ke can ƙasa ba ya kakkaɓewa, man kuma ba ya yi masa komai. Sakamakon shi ne fatar da ke kewaye ta yi haske, tabon ya ƙara fitowa fili, sai a ce man bai yi ƙarfi ba, a nemo wanda ya fi. Na biyu, masu sinadarin kotizon irin su kulobetazol, suna sirantar da fata, su kawo ƙuraje da nankarwa, kuma shafa su kusa da ido na tsawon lokaci shi kansa yana hawar da matsin ido, yana kawo yanar ido. A duba wannan da kyau: idon da dama ke cikin haɗarin gilakoma shi ake zagaye wa da maganin da ke jawo gilakoma. Na uku, daɗewa ana shafa haidurokwinon yana haifar da wani baƙi na daban a cikin fatar ciki, shuɗi-baƙi mai ƙananan ƙuraje a kumatu da gefen goshi, wanda likita Findlay da abokan aikinsa suka bayyana a Afirka ta Kudu a 1975. Shi ma zurfi gare shi, kuma cire shi ya fi na asalin wuya.

A watan Agusta na 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya haramta shigo da kayan shafa masu haidurokwinon da zaiba da makamantansu, da yin su, da sayar da su. Doka ce mai kyau. Wanda ke shiga kasuwa ya san iyakar inda ta kai, ga iyakar Najeriya da ta Cadi a buɗe ga ƙananan 'yan kasuwa.

Aska da ƙaho kuma lissafinsu bai fita ba tun daga tushe. Ba jini ne ya taru ba, balle a zuƙe shi. Ƙwayoyin a warwatse suke tsakanin zaren fata, kowace a wurinta. In dai ba za a ɗebe fatar gaba ɗaya ba, tsaga ba ta fitar da su. Abin da za a samu shi ne tabon aska a kan tawada, ga mu da saurin yin tabo mai tudu. Ga tetanus ga jariri, ga ciwon hanta nau'in B da ya yi katutu a arewacin Kamaru, wanda aska ɗaya ke iya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan. Ina girmama wanzamai, kuma tsofaffin cikinsu da yawa in aka nuna musu bayan jariri su da kansu suke cewa a bari. Matsin yakan fito ne daga cikin gida, daga goggo ko kaka da ke ganin zama ba a yi komai ba sakaci ne.

Ba duk duhu mai shuɗi-shuɗi ne na wannan gidan ba, kuma guda ɗaya ya cancanci ambato don ya yi yawa a wurinmu. Mutum ya sha Bactrim ko Fansidar da ya saya a tebur, bayan 'yan sa'o'i wani wuri a leɓe ko hannu ko al'aura ya yi ƙaiƙayi, ya yi ja, wani lokaci ya yi bororo, in ya warke ya bar baƙin tabo zagayayye kamar an zana. Duk ranar da ya sake shan maganin, wurin nan dai shi zai sake tashi, ya ƙara duhu. A nan ba ƙwayoyin launi ne suka maƙale ba, melanin ne ya zube daga sama zuwa fatar ciki bayan kumburi. Maganinsa gane ƙwayar da daina shan ta. Baƙin fuskar masu ciki kuwa ruwan ƙasa ne, ɓari biyu, rana na ƙara shi, ba ya shiga ido. Wurin da ya yi haske maimakon duhu, kuma ba a jin taɓawa a kansa, wannan a kai shi awon kuturta, wadda maganinta kyauta ne.

Shin ana iya cire tabon Ota? Ana iyawa, da hasken leza. Kafin zuwansa likitoci sun gwada daskarar da wurin da ƙanƙara, da kankare fata, da dasa wata, duk suna barin tabon da ya fi na farko muni. A 1983 Anderson da Parrish a Amurka suka nuna cewa in aka zaɓi hasken da melanin ke shanyewa, aka harba shi cikin ɗan lokaci ƙanƙani ƙwarai, zai farfasa ƙwayoyin launin ba tare da ya dafa naman da ke kewaye ba, jiki kuma ya kwashe ɓarɓashin a hankali. Na'urori uku aka fi sani, masu tsawon zango 694 da 755 da 1064 a ma'aunin nanomita. A kan baƙar fata na ƙarshen ne ya fi dacewa, don ya fi nutsawa kuma melanin ɗin fatar sama bai cika tare shi ba. Wannan ita ce wahalarmu: hasken bai san melanin ɗin tabo da na lafiyayyar fata ba, dole ya ratsa na sama kafin ya kai na ƙasa. Hannun da bai saba da fatarmu ba yana iya ƙona mutum, ya bar masa fari-fari ko baƙin da ya fi na da. Ba zama ɗaya ba ne, sau da yawa biyar zuwa goma ne ko fiye, da tazarar watanni tsakani, kuma na'urar sai manyan birane, da tsada. Duk wanda ya ce zai goge shi a zama ɗaya a ɗakin gyaran jiki, a rabu da shi.

Leza fata kaɗai yake gyarawa. Launin da ke cikin ido yana nan, haɗarin gilakoma ma yana nan, don haka wadda aka yi wa aikin fuskarta ta washe ba ta tsira daga awon shekara-shekara ba. Wadda ba ta da halin leza kuma, hodar rufe tabo mai kauri wadda ta dace da launinta ba ta da illa in ana wankewa da dare, haka ma inuwa da man kare rana suna rage ƙarin duhu a lokacin zafin Maris da Afrilu. In za a je wurin likitan ido, a tafi da duk man da aka taɓa shafawa a wurin, da kwalinsa, a kuma faɗi tsawon lokacin da aka yi ana shafawa, don zai sauya yadda zai karanta awon.